Ƙanƙara ta cika firigo: ina dalili, ina magani?

Zancenmu na yau na firigo ne.

Shekarun baya, firigo kayan birni ne. A ƙauye sai a asibiti ake ganin shi, ko a gidan wani babban ma'aikaci. Yau kuran ya shiga garuruwa da dama. Inda bai kai ba, wasu sun ɗora faifan hasken rana bisa ɗaki. Mai kanti shina da firigo. Mata suna ƙulla ruwa a leda, suna saida galas, da zoɓo, da lamurje, da nono mai sanyi. Da bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Maraɗi, da Tawa, da Damagaram, firigo guda shina iya riƙe cefanen gida. Balle in azumi ya faɗo cikin zafi.

To amma akwai wata cuta da ke kama firigo a kowane gida. Ƙanƙara ce. Tana taruwa a bango kaɗan-kaɗan, har ta cinye wuri, ta hana ƙofa rufuwa, ta hana sanyi. Ita kanta cutar ba ta kashe firigo da wuri. Abin da ke kashe shi, maganin da mutane ke yi mata ne, wato wuƙa.

Na gani da idona. Wata maƙwabciyata ta kwashi adashi, ta ƙara da kuɗin tunkiyarta, ta sayo firigo na hannu, irin mai marfi a sama. Wata 5 tana ciniki. Ƙanƙara ta yi kauri har marfi ya daina zama. Ana saura kwana 3 azumi, ta ce ba ta da lokacin jira. Ta ɗauki wuƙar yanka albasa, tana sara, tana ɓamɓara. Sai ta ji wani huci kamar tayar keke ta sace. Ba ta kula ba. Ta share, ta maida kaya, ta kunna. Da safe galas duk ya zama ruwa. Inji shina ta ƙugi, cikin firigo kuwa ɗumi kamar akwatin tufafi. Mai gyara ya zo daga birni, ya duba, ya ce ruwa ya shiga har cikin inji. Azumin ya wuce ba ta saida ko leda guda ba. Da ta yi haƙurin awa 3, da ba ta kashe ko dala ba.

Firigo ɗan'uwan randa ne

Kafin mu yi gyara, mu san abin da muke gyarawa. Kowa ya san randa. Mi ya sa ruwan randa ke sanyi, na bokiti ba shi yi? Jikin randa shina tsattsafo. Ruwan da ya tsatso waje shina bushewa, ya bi iska. Kuma ruwa ba shi bushewa sai ya ɗauki zafi ya tafi da shi. Haka salka take. Haka zufa take a jikinmu.

Firigo ma dabararshi ke nan. Cikin bangonshi akwai siraran tiyo na ƙarfe. Cikin tiyon akwai wani abu da masu gyara ke ce ma gaz. Shina shiga tiyon ciki kamar ruwa, sai ya zama iska. Wajen zama iskar nan shike tsotse zafin kayan da kunka aje. Daga nan inji, wato baƙar tukunyar nan mai ƙugi da ke baya, ya jawo shi, ya matse shi, ya tura shi tiyon waje. A nan zafin ke fita. Shi ya sa in kunka taɓa bayan firigo ko gefenshi, kuke jin zafi. Gaz ya huce, ya koma ruwa, ya sake shiga ciki. Haka shike kewayawa dare da rana.

Ku riƙe wannan: gaz ba shi ƙarewa kamar man babur. A kulle shike cikin tiyo. Za mu komo kan zancen nan a gaba, don kuɗin mutane da yawa sun tafi a wurin.

Daga ina ƙanƙarar ke zuwa?

Ba daga cikin tiyo take fitowa ba. Daga iska take. Ku ɗauko kwalbar ruwa mai sanyi, ku aje bisa tabarma. Kafin minti 5 jikinta ya jiƙe. Kwalbar ba yoyo take ba. Iska ce ke ɗauke da laima wadda ido ba shi gani. In ta taɓa abu mai sanyi sai ta sauke kayanta. Raɓar safiya ma haka take samuwa.

Duk lokacin da anka buɗe ƙofar firigo, iskar ɗaki tana shiga, ta sauke laimarta bisa bangon da ya fi sanyi. Ruwa shina daskarewa a digiri 0. Wurin yin galas kuwa shina sauka har digiri 18 ƙarƙashin sifiri. Nan take laimar ta zama ƙanƙara. Gobe wata ta hau kan ta jiya.

Shi ya sa da damina ƙanƙara ta fi saurin taruwa, don iska cike take da laima. Da ɗari kuwa iska a bushe take, sai abin ya yi sauƙi. Tuwo mai tururi, kunu mai zafi, miyar da ba a rufe ba, duk laima suke kawowa. Masu galas kuma, ga naku laifi: ana ƙulla leda cikin tasa, a ɗauko ta tana ɗiga, a jera. Ruwan bayan ledar nan shi ne ke manne ledoji da bango, kuma shi ne ke sa a ɗauko wuƙa. Ku goge kowace leda da tsumma mai tsabta kafin ku sa ta.

Na sha jin mutum shina yabon firigonshi, shina cewa a duba yawan ƙanƙara, ai ƙarfi gare shi. Wannan kuskure ne. Ƙanƙarar bango bargo ce. Ta lulluɓe tiyo, ta raba shi da kayan da ake so ya sanyaya. Zafin kayan ba shi samun hanyar fita. Sai inji ya yi ta aiki ba hutu. Kwantar tana gudu, kuɗin wuta shina hawa. Galas ɗin da ke kamawa cikin dare guda ya koma kwana 2. Mai hasken rana kuma, batir ya mutu tun kafin asuba.

Ga awo mai sauƙi. In kaurin ƙanƙara ya kai rabin santimetir, lokacin narkarwa ya yi. Rabin santimetir kamar rabin kaurin allin rubutu ne. Wannan awon ake bi a asibiti, a firigon maganin rigakafi, wanda dole sanyinshi ya zauna tsakanin digiri 2 da digiri 8. In ma'aikacin asibiti ba shi barin ta wuce haka, mai galas ma kada ya bari.

Yadda ake narkar da ita

Ku zaɓi ranar da kaya sunka ragu, kamar washegarin kasuwa. Ku fara da sassafe, kafin rana ta yi zafi.

Abu na farko, ku cire wayar wuta daga bango. Murɗa maɓalli kaɗai bai isa ba. Kuran ɗinmu bolt 220 ne, kuma za ku yi aiki cikin ruwa. Ku sa takalmin roba. Ku kori yara.

Ku kwashe kaya, ku tara su wuri guda cikin galasiyar ko babbar roba mai marfi. Ku jera galas kewaye da nama da nono. Ku lulluɓe da bargo, ku aje a inuwa. Bargon da ke tsare ɗumi da ɗari, shi ne ke tsare sanyi da bazara.

Ku buɗe ƙofa sosai. Ku shimfiɗa tsummoki a ƙasa, ku tara tasa. Firigo mai marfi a sama, yawanci akwai ɗan toshi a gindinshi. Ku cire shi, ruwa ya fita ta nan. A zafin ƙasarmu, ko ba ku yi komi ba, awa 2 zuwa 4 ta isa ƙanƙara ta saki. In kuna sauri, ku zuba ruwan zafi a kwano, ku ninke tsumma ku ɗora kwanon bisa, ku rufe ƙofa. Bayan minti 15 ku canza ruwan. Tururin ne ke aiki. In akwai fanka, ku juya ta tana hura ciki.

Kada ku watsa tafasasshen ruwa a bango, don robar ciki tana lanƙwashewa ko ta tsage. Kada ku sa garwashi, ko risho, ko kyandir. Kada ku sa wuƙa, ko turnabis, ko ƙusa, ko bakin cokali. Ƙarfen tiyon nan laushi gare shi, kuma sirara ne ƙwarai. A wasu firigo ma, bangon da kuke gani shi ne tiyon da kanshi: jijiyoyin nan da sunka taso a jikinshi, gaz ne ke bi ta ciki.

In ƙanƙara ta nuna, da kanta take saki, ta faɗo fale-fale. Wadda ta rage, ku tura ta a hankali da marar kwasar tuwo, ko cokalin katako. In ta ƙi, ba ta nuna ba ne. Ku ƙara mata minti 10.

Daga nan ku wanke ciki da ruwan ɗumi da sabulu kaɗan. Ban da toka, ban da yashi. Ku goge har ya bushe ƙarau, don ɗigon da kunka bari shi ne irin sabuwar ƙanƙara. Tun da wuta a cire take, ku jawo firigon, ku share ƙurar bayanshi da tsintsiya mai laushi. Ƙurar ɗari tana toshe tiyon waje, zafi ya kasa fita. In za ku maida shi, ku bar tazarar tafin hannu tsakaninshi da bango.

Ku kunna, ku bar shi wofi kamar awa 1, sa'an nan ku maida kaya. Kada ku cika shi da ledojin ruwa masu ɗumi gaba ɗaya. Ku sa rabi, in sun kama ku ƙara. Naman da ya saki ya yi laushi, a dafa shi ran nan. Ruwan da ya narke kuwa ba na sha ba ne. A ba itace.

In wuƙa ta riga ta huda

To, ƙaddara ta faɗa, kun ji huci. Ku tsaya nan take. Ku kashe duk wata wuta da ke kusa, ta murhu, ta sigari, ta fitila. Ku buɗe ƙofar ɗaki da taga. Firigo da yawa na yanzu suna aiki da gaz mai suna R600a. Ɗan'uwan gaz ɗin dafuwa ne, shina kamawa da wuta. Ba shi da yawa, amma a ƙaramin ɗaki rufaffe ba a wasa da shi.

Kada ku kunna don ku gwada. Nan maƙwabciyata ta yi babbar hasara. Tiyon ciki wurin tsotso ne. In inji ya tashi, ta ramin nan zai shaƙi iska da ruwan ƙanƙara. Ruwan ya gauraya da man inji ya ɓata shi. Kuma akwai wani tiyo siriri kamar tsinken tsintsiya. Ɗigo guda in ya daskare a ciki, ya toshe hanya. Ku goge wurin, ku liƙe ramin da salatif don kada ruwa ya shiga, ku kira mai gyara. Cingam da sabulu ba su riƙe gaz. Firigon da anka huda anka bar shi a kashe, ana iya ceton shi. Wanda anka kunna ya kwana, sai dai a gwada.

Ta dawo da wuri: ku bi sawu

Lafiyayyen firigo shina yin makonni, wani lokaci watanni, kafin ƙanƙara ta kai rabin santimetir. In ta dawo cikin mako guda, akwai dalili. Kamar yadda makiyayi ke gane dabba ta sawunta, haka za ku gane ciwon ta wurin da ƙanƙara ta taru.

In ta taru a bakin ƙofa, gefe guda ko kusurwa guda, iska ce ke satar shiga. Ku dubi robar ƙofa. Cikin robar nan akwai maganaɗisu mai kama ƙarfe. Ku yagi takarda daga tsohon littafi, ku sa a bakin ƙofa, ku rufe, ku ja. In ta riƙe, wurin lafiya. In ta zame ba wuya, wurin a buɗe shike. Ku kewaye ƙofar duka, sama da ƙasa. Wata dabara kuma: da dare ku kunna tocila, ku sa ta ciki, ku rufe, ku kashe fitilar ɗaki. Inda haske ya fito, nan iska ke shiga.

Sau da yawa robar ba ta mutu ba, datti ne. Sukarin zoɓo da lamurje shina zuba cikin ninkinta, ya bushe, ya kira tururuwa da kyankyaso. Ku wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu. Inda ta lotsa, ku dafa mata tsumma mai ɗumi har ta yi laushi, ku jawo ta da yatsa, ku rufe ƙofa ta huce a haka. In ta tsage ko ta bushe kamar tsohuwar fata, sai sabuwa. Ku auna tsawo da faɗi, ku rubuta, ku tafi da awon birni. Ɗora dutse bisa marfi, ko ɗaure ƙofa da robar taya, dabarar kwana biyu ce.

Ku duba kuma ko ƙofar ta sunkuya. Kwalabe masu nauyi a jikinta suna sa ta sauka. A ɗaure ƙusoshin da ke riƙe ta. Ƙasan ɗaki ma ba kullum shike daidai ba. Firigo na tsaye shina son gabanshi ya ɗan fi bayanshi tudu, don ƙofa ta koma da kanta. Ɗan katako siriri ƙarƙashin ƙafafun gaba ya isa.

Akwai kuma ƙofar da ba ta da laifi, hannu ne ya yi mata yawa. Gidan da ke da yara 6, kowa ya shigo sai ya buɗe ya leƙa. Mai kanti kuma shina buɗewa don leda guda ta dala 5. Ku kwashi abin da za ku saida cikin awa 1 ko 2 ku zuba a galasiyar, ku bar firigo ya huta.

In ƙanƙara ta rufe ko'ina daidai wa daida, har tumatir da ƙwai suna daskarewa a ƙasa, ku dubi maɓallin sanyi. Masu gyara suna ce mishi tarmosta. Lambobin da ke jikinshi, 1 zuwa 5 ko 1 zuwa 7, ba digiri ba ne. Babbar lamba, babban sanyi. Mutane suna murɗa shi ƙarshe su manta. Ku maida shi tsakiya. Sa'an nan ku kasa kunne da dare. Inji shina aiki, ya tsaya ya huta, ya sake tashi. In bai tsayawa sam, ku murɗa maɓallin zuwa 0. In har yanzu shina ƙugi, tarmosta ya maƙale. Ƙaramin abu ne, ana canza shi, ba sai an taɓa gaz ba.

Amma kada ku yi saurin yanke hukunci. Da tsakar bazara, in an cika firigo da kaya masu ɗumi, inji shina iya daɗewa bai tsaya ba, kuma lafiyarshi lau. Wasu sababbin firigo kuma, an ƙera injinsu ya riƙa tafiya a hankali ba tsayawa.

Wani ɗan abu da ake mantawa: ƙwan fitilar ciki. Ku danna ɗan maɓallin da ƙofa ke dannawa. In fitila ba ta mutu ba, to dare da rana tana ɗumama firigon daga ciki.

Ruwa a ƙasan firigo

A firigo da yawa, bangon baya na wurin abinci shina yin ɗigo-ɗigo. In inji na aiki su daskare, in ya huta su narke. Wannan ba ciwo ba ne, haka anka yi shi. Ruwan shina gangarowa cikin ɗan kwari, ya shiga wani rami, ya bi tiyo zuwa wani faranti da ke bisa inji. Zafin inji ya busar da shi.

Ɓarɓashin abinci da ganye suna toshe ramin nan. Sai ku ga ruwa kwance ƙarƙashin akwatin kayan miya, ko ya biyo ƙofa ya zubo ɗaki, ko ya daskare ya yi tauri kamar kwalba. Ku cire wuta. Ku share bakin ramin. Ku ɗura ruwan ɗumi da sirinji marar allura, sau 3 ko 4, har ku ji ya zuba a farantin baya. In ya ƙi, ku zura siririn tiyo na roba a hankali. Ban da ƙarfe mai tsini. Nan gaba, kada kwano ko leda su jingina da bangon baya.

Firigo mai narkar da kanshi

Akwai wani iri da ake kawowa da yawa yanzu, sabo da na hannu. A ƙofarshi za ku ga an rubuta No Frost, ma'ana ba shi tara ƙanƙara. In kun buɗe, bango a bushe, kuna jin fanka tana hura sanyi. Gaskiyar magana, shi ma shina tara ƙanƙara. Ɓoye ta shike. Tiyon sanyinshi shina bayan wani faifai, a ƙuryar wurin galas. Fanka ce ke kwasar sanyi daga nan, ta tura shi sama da ƙasa ta wasu ƴan hanyoyi.

Ma'aikata 3 ke narkar mishi da ƙanƙara. Na farko agogo ne. Shina ƙirga aikin inji. Bayan kamar awa 8, wani 6, wani 12, sai ya tsaida inji da fanka, ya ba na biyu wuta. Na biyu ƙarfen zafi ne, irin na cikin dutsen guga na lantarki. Masu gyara suna ce mishi rezistans. Shina kwance ƙarƙashin tiyo, ya yi zafi, ƙanƙara ta narke, ruwa ya bi rami zuwa farantin baya. Na uku maigadi ne, ɗan dunƙule manne da tiyo, ana ce mishi bimetal. In tiyo ya yi ɗumi, shi ke yanke ma ƙarfen wuta don kada robar ciki ta ƙone. Cikin minti 20 zuwa 30 aiki ya ƙare, inji ya sake tashi. Saboda haka in kunka ji firigon ya yi shiru, kuna jin ɗigar ruwa da ɗan cuwa-cuwa a ciki, kada ku tsorata. Wanka shike. A sababbin ƙira, wani ɗan allo mai ƙwaƙwalwa ne ya maye gurbin agogo, amma aikin guda ne.

In ɗaya cikin ukun nan ya mutu, ƙanƙara tana taruwa a ɓoye. Ta toshe tsakanin tiyo, ta toshe hanyar iska. Alamar farko: sama da sauran sanyi, ƙasa kuwa nono shina tsami. Wani lokaci fanka tana karo da ƙanƙara, kuna jin kar-kar-kar. Wani lokaci faifan ƙurya ya yi fari, ko ya kumburo.

Ga gwajin da ba shi cin ko dala. Ku kwashe kaya, ku cire wuta, ku bar ƙofofi buɗe kwana 1 cur, dare da rana. Awa 3 ba ta isa ba a nan, don ƙanƙarar a ɓoye take. Ku sa ido ga farantin baya, zai cika ya zuba. Sa'an nan ku kunna. In sanyi ya komo sama da ƙasa kamar sabo, ya yi kwanaki ko mako 2, sa'an nan ciwon ya dawo, to kun kama ɓarawo. Inji lafiya, gaz lafiya. Ɗaya cikin ma'aikatan nan 3 ne ya bar aiki.

Daga nan aikin mai gyara ne, don akwai kuran a wurin. Amma ku san abin da zai yi, ku tsaya kuna kallo. In firigon mai agogo ne, akwai ɗan maɓalli a jikin agogon. Zai murɗa shi a hankali har ya yi ƙas, inji ya tsaya. In ƙarfe ya yi zafi, ƙanƙara ta fara ɗiga, to ƙarfe da maigadi lafiya, agogon ne ba shi tafiya. In ƙarfen bai yi zafi ba, zai cire wuta, ya kwance faifai, ya auna ƙarfen da na'urar awo, ya ga ko wuta na bi. Maigadi kuma da sanyinshi ake auna shi. In ya yi ɗumi, buɗe shike, haka aikinshi shike. Wanda bai sani ba sai ya ce ya mutu. Akwai kuma ɗan fis na tsaro kusa da su, shi ma shina tsinkewa.

Kada ku yarda a cire maigadi ko fis a haɗa wayoyi kai tsaye. Firigon zai yi aiki, gaskiya ne. Amma ranar da agogo ya maƙale, babu mai kashe ƙarfen zafi, kuma kuna barci.

Zancen gaz

Mun ce za mu komo. Firigo ya daina sanyi, magana ta farko da ake ji ita ce gaz ya ƙare. Wani lokaci gaskiya ne. Alamarshi daban take: inji shina aiki ba tsayawa, ƙanƙara ta kama kusurwa guda kawai ta tiyo, sauran a bushe, bayan firigo kuma ba zafi. Kuma narkarwa ba ta canza komi. Amma tun da gaz a kulle shike, in ya ragu, akwai rami. Wanda ya ɗura sabo bai liƙe rami ba, ya zuba ruwa ne a fasasshen tulu. Ku tambayi mai gyara: ina ramin? Ya nuna muku.

Ku da kunka iya karatu, ku nemi ƴar takardar da ke manne cikin firigo ko a jikin inji. Sunan gaz ɗin shina nan: R134a, ko R600a. Ba a gauraya su, ba a sa wani a madadin wani. In kunka ga R12, firigon tsoho ne ƙwarai. A 1987 ƙasashen duniya sunka sa hannu a birnin Montireyal na Kanada, don a bar irin wannan gaz, saboda shina ɓata rufin iskar da ke tare mana mugun hasken rana. Wa'adin ƙasashe irin tamu ya cika a 2010. In za ku sayi na hannu, ku karanta takardar nan kafin ku yi tayi.

In kuran ya yanke, ku bar ƙofa rufe. Ku cire waya daga bango. In ya dawo, ku jira minti 5 kafin ku maida, don inji ba shi son tashi nan take bayan tsayawa. Yankewar kuran tana narkar da ƙanƙara rabi, ta sake daskarewa da tauri, har ta toshe ramin ruwa. Bayan doguwar yankewa, ku leƙa ramin. Masu firigo na kananzir ko na butelin gaz, narkarwarku iri ɗaya ce, sai dai ku kashe wutar, ba waya ba. Naku kuma ba a karkata shi. Daidai shike son zama, kuma harshen wutarshi ya zama shuɗi.

Ku ware shafi guda a littafinku. Ku rubuta ranar da kunka narkar, da ranar da ƙanƙara ta dawo, da wurin da ta fara. Mai gyara sau da yawa daga nesa zai zo, kuma ku za ku biya kuɗin hanya. In kunka kira shi a waya, ku faɗa mishi sunan firigon, da sunan gaz, da ko inji na hutawa, da ko fanka na juyawa, da abin da gwajin kwana 1 ya nuna. Da haka zai zo da kayan da ake bukata a tafiya guda. In ya canza wani abu, ku ce ya bar muku tsohon, ku rubuta sunanshi da kuɗinshi a shafin nan.